Yatsu Takwas da Injin Indiya

Shekara tara na yi ina yi wa wani Alhaji aikin inji a Illela kafin bel ya cinye mini yatsu biyu. Injinan niƙa uku gare shi, duka ƙirar Ingila, korayen nan masu wili biyu, kuma shi ne wakilin kamfanin Turawan da ke sayar da su a Sakkwato. Duk mai son inji ko kayan gyaransa, daga garinmu har ƙauyukan Ƙonni, ta hannunsa zai bi. Ni ke tayar da su da safe, ni ke sassaƙa dutsen niƙa, ni ke sauke kan silinda idan na ji ƙarar inji ta canza. Ba ɗan uwana ba ne, amma mahaifina ne ya kai ni wurinsa da hannunsa, saboda haka Maigida nake ce masa.

Abin ya faru ranar Lahadi, ranar kasuwa, a farkon shekarun tamanin, lokacin farar hula suna kan mulki. Bel ɗin babban injin ya daɗe da mutuwa. Sau uku ina ɗinke shi da waya, sau uku ina gaya wa Maigida a sake shi, ga sababbi a rataye cikin shagonsa. Ya ce waɗancan na sayarwa ne. Da hantsi bel ya zame, ga ƙoren mata a jere har bakin titi. Na kai hannu zan kashe injin, sai Maigida ya daka mini tsawa daga kan kujerarsa, wai kada in kashe, in mayar da shi yana gudu kamar yadda muka saba. Na tura da sanda bai hau ba. Na sa hannu. Wayar ɗinkin ta kama ni.

Ban ji zafi ba da farko. Abin da na fara ji shi ne muryar Maigida a kaina yana cewa, "Injin hwa? Mi yas same shi?"

Masu albasa ne suka ɗauke ni a motarsu zuwa asibiti a Sakkwato. Aka yanke ƙaramin yatsan hannun dama da na kusa da shi. Na yi mako uku a kwance, Maigida bai zo ba, ya dai aiko da lemo da gaisuwa sau ɗaya. Da na dawo, hannu a naɗe, na tarar da wani makanike a wurina, ya rataye rigarsa a ƙusar da nake rataye tawa. Na wuce wurin Maigida, yana zaune da mutanensa a inuwar shago, na durƙusa na gaishe shi, na ce na samu sauƙi, nan da kwanaki zan iya kama aiki. Bai dubi fuskata ba, hannun ya duba.

Ya ce, "Injin Ingila ba a taɓa shi da dungu."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Na tashi na tafi. Daga baya na ji abin da yake gaya wa mutane, cewa ganganci na yi, wai hira nake da matan da suka kawo niƙa har na manta inda hannuna yake. Maganar ta kai har gidan biki, inda matata ta ji ta daga bakin wasu mata da ba su san ita ce matar makaniken ba. Ta dawo ta gaya mini ba tare da ta yi kuka ba, ta ɗauki tsintsiya ta hau sharar tsakar gidan da ta riga ta share.

Tun daga ranar na ƙulla shi a raina. Ban san me zan yi masa ba, don ba ni da komai sai sifanu huɗu da guduma. Na san dai ina so in ga ƙofar gidan niƙan nan a rufe, kuma ina so ya san ni na rufe ta. Ina kwana da wannan, ina tashi da shi. Ko a sallah, Allah Ya gafarta mini, sai in tsinci kaina ina kwance injinansa ƙusa bayan ƙusa.

Maƙwabcina a lokacin wani dattijo ne, tsohon akawun En'e, ɗan gidan ma'aikata na Sakkwato, wanda aiki ya kawo Illela ya zauna har ya yi ritaya. Baba nake ce masa. Yana da rediyo mai rigar yadi, kuma bayan la'asar yakan fito da ita gindin dogon yaro ya bi tashoshin Hausa ɗaya bayan ɗaya, ta Landan, ta Jamus, ta Masko, ta Sin. Da yake ba ni da aikin yi, na zama ɗan zamansa. Shi kuwa bai iya jin labari ya bar shi haka nan, sai ya yi sharhi. Abin da ya fi so shi ne tarurrukan da ƙasashe matalauta ke yi a tsakaninsu, waɗanda Turawa suka mulka suka bari. Yakan ce sun gaji da sayar da gyaɗa da auduga a farashin da mai saye ya yanka, sannan su sayi ƙarfe a farashin da shi dai ya yanka, kuma wata rana za su haɗa kai su yi ciniki da juna, Bature yana kallo. Ni ina jinsa ne kawai, hankalina yana gidan niƙa.

Wata rana yana lissafa abin da kowaccensu ta iya. Ya ce Brazil na ƙera motarta, Sin na ƙera keke da keken ɗinki, Indiya na ƙera jirgin ƙasa da injuna.

Na ce, "Baba, injin mi?"

Ya ce bai sani ba, amma ai ga Ba'indiye nan a gari, in je in tambaye shi.

Malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, ɗaya daga cikin Indiyawan da gwamnati ta ɗauko koyarwa a wancan zamani. Siriri ne mai tabarau, ba ya cin nama, yana zuwa kasuwa a ƙaramin babur ya sayi kuɓewa da tumatir da Hausarsa mai karyayyen wuya. Na taɓa gyara musu famfon ruwa a makaranta, saboda haka ya gane ni. Na same shi a gidansa na tambaye shi. Ya shiga ɗaki ya fito da wata takarda mai hotuna ya shimfiɗa mini. Na ga injin Maigida, wili biyu, tukunyar ruwa, komai, sai dai sunan da ke jiki daban. Ya ce a garinsu unguwa guda babu abin da ake yi sai wannan inji, wansa ma yana da ƙaramar masana'anta a can. Sun kwance na Ingila ne suka auna kowane yanki suka zuba nasu. Na tambaye shi ko kayan wannan za su shiga wancan. Ya ce kowace ƙusa. Na tambayi farashi, ya faɗa, na sake tambaya don na ɗauka Hausarsa ce ta kuskure.

Dangin mahaifiyata manoman albasa ne a Garu. Matansu kan yi tafiya mai nisa da hatsi a ka zuwa Illela don niƙa, ko su kwana biyu suna daka. Na je na zauna da kawuna na gaya masa zancen injin Indiya, shi kuma ya tara 'yan uwa bayan an cire albasa, suka haɗa kuɗi a kan injin zai zama na dangi, ni in riƙe shi. Na yi musu maganar wahalar mata da nisan hanya, kuma duk gaskiya ne. Ban dai gaya musu abin da ya kawo ni ba. Ina jin kawuna ya sani, don da zan tafi ya riƙe hannun nan nawa ya daɗe yana dubawa.

Malamin ya rubuta wa wansa. Aka yi watanni. Injin ya taso a jirgin ruwa zuwa Kwatano, daga can babbar mota ta kawo shi Ƙonni tare da kayan wani ɗan kasuwa, ɗan uwan matata. Kafin ya iso sojoji sun karɓi mulki, kuma ba a daɗe ba suka rufe iyaka. Ga injina a cikin akwatin katako a Ƙonni, tafiyar da ba ta kai awa biyu a ƙafa ba, ga ni a Illela.

Ban jira a buɗe ba. Kowace Laraba, ranar kasuwar Ƙonni, nakan bi hanyar gonaki in ƙetare kamar yadda kowa ke yi don gaisuwar mutuwa ko suna, in shiga shagon ɗan uwan matata in kwance wani yanki. A nan na koya wa hannuna aiki da yatsu uku. Sifana takan suɓuce, in ɗauka, ta sake suɓucewa. Na ɗaura mata tsumma a gindi don ta cika tafin. Ƙananan kaya suka ƙetaro cikin kwandon mata da aljihun riguna. Kan silinda ya zo a kan jaki ƙarƙashin ganyen rama. Wilin nan biyu, waɗanda kowanne sai ƙarti huɗu ke ɗaga shi, wani Buzu ne ya ɗora wa raƙuminsa, ɗaya a kowane gefe, raƙumin yana ta kuka har muka iso. Sau ɗaya wani soja ya tare ni da jakin a bakin wata fadama ya tambayi abin da na ɗauko. Na ce mataccen ƙarfe ne zan kai wa maƙeri. Ya ɗaga ganyen ya ga sabon fenti yana ƙyalli, ya dube ni, ya dubi hannuna, ya ce in wuce.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina haɗa shi a Garu, a wata rumfa da dangi suka kafa kusa da rijiya. Ranar da zan tayar, gari duka ya fito. Na juya handul har kafaɗata ta yi tsami, ya yi tari sau biyu ya mutu. Na fitar da iska daga bututun mai na sake juyawa. Ya kama. Baƙin hayaƙi ya tashi, sannan ƙarar ta daidaita, mata suka rangaɗa guɗa. Kawuna ya zuba tiyar gero ta farko da hannunsa. Kowa na murna da gari mai laushi, ni kuwa ina kallon ƙoren da ke jere, ina ce wa raina wannan ba za ta je Illela ba, waccan ma ba za ta je ba.

Labari ya kai wa Alhaji kafin azahar. Aka dawo mini da amsarsa, wai injin gwangwani ne, ba zai ga damina ba, kuma Indiyawa in ban da rawa a majigi me suka iya. Gaskiya kuwa injin ya ba ni wuya. Yana yoyon baƙin mai ta ko'ina. Da na buɗe cikinsa bayan mako guda na tarar da yashin da aka zuba ƙarfen da shi bai gama fita ba, sai da na wanke shi da kananzir sau uku. Wasu ƙusoshin taushi gare su, in ka matsa da ƙarfi sai su murɗe. Amma ban taɓa bari ya yini a kashe ba, kada wani ya ɗauki labarin zuwa Illela. Na gaya wa malamin duk aibin da na gani, ya rubuta wa wansa, kuma inji na biyu da ya zo ya fi na farko tsabta. Shekara tara ina gaya wa Maigida aibin injinan Ingila, ban taɓa jin maganata ta wuce ƙofar shagonsa ba.

Na biyun a Tozai muka kafa shi, da haɗin hannun wasu manoma na can. Shi ma a wargaje ya ƙetaro.

A 'yan shekarun da iyaka ke rufe kasuwar Illela ta canza fuska, ko da yake kaya sun yi wuya ƙwarai. Aka ce gwamnati ta fara musayar ɗanyen mai da kayan Brazil kai tsaye, sai ga buhunan sukari da wani irin rubutu da ko Baba bai iya karantawa ba. Fulas ɗin shayi mai furanni, tocila, kwanon sha, duk na Sin. Kekunan Indiya da na Sin suka cika hanyar ƙauye. Baba yakan ɗaga kowane abu ya juya gindinsa ya karanta inda aka yi shi, sai ka ce wasiƙa aka aiko masa. Na haɗa shi da malamin, suka zama abokan gardama. Malamin yakan ce kada Baba ya yi saurin murna, Indiya da Sin ba sa ga maciji, sun taɓa gwabzawa a kan iyaka, kuma kowace ƙasa cikinta take yi wa aiki. Baba yakan ce manoman Garu ma suna faɗa a kan iyakar gona, amma ga shi sun sayi inji tare. Bai rayu ya gani ba, amma yau rediyo ba ta yin mako ba ta ambaci ƙawancen da ƙasashen nan suka ƙulla ba, har da bankinsu, har wasu ƙasashe na neman a sa su ciki, Turawan da suka mulke su a da kuma suna sauraren abin da za su ce. Ni a wancan lokaci ban san siyasar duniya ba, ban kuma damu da ita ba. Na ɗauki duk ƙasashen nan a matsayin 'yan uwana a faɗana da mutum ɗaya. In aka ce sun yi taro sun ƙi wata buƙatar Turawa, sai in ji kamar Alhaji aka mara.

Inji na uku nawa ne ni kaɗai, daga rabona na niƙan Garu da Tozai. Akwai ƙauyuka da dama da ke roƙon in kai musu. Na ƙi. Na nemi wani kango a Illela, daidai tsallaken titi da gidan niƙan Alhaji, taku arba'in tsakani, na kafa shi a nan. Matata ta ce gari da faɗi, me ya sa sai nan. Na ce nan ne hanyar mata. Mahaifina ya rasu kafin lokacin, da yana da rai ba zan iya ba.

Ban taɓa rage farashi don in karya shi ba, ban kuma taɓa kiran mai niƙa daga layinsa ba. Ba sai na yi ba. Kamfanin Turawan nan na Sakkwato ya daina samun izinin shigo da kaya, kantocinsa suka zama wayam, aka ce manajan ya koma ƙasarsu. Shagon Alhaji ya bushe. Injinsa na farko ya tsaya, aka cire kayansa aka sa wa sauran. Na biyu ya bi shi. Makanikensa ba mugun ma'aikaci ba ne, amma babu abin da zai ɗaura. Kullum da safe ina tayar da nawa in tsaya a ƙofa ina sauraren babban injin nan da ya ci yatsuna. Na san muryarsa fiye da ta 'ya'yana. Na ji lokacin da ya fara shaƙewa, na san famfon mai ne, na san fulanjar cikinsa ce, ɗan ƙarfen da ke tura mai, ta cinye, na kuma ba shi wata biyu. Bai kai ba. Ana saura mako guda babbar sallah, lokacin da kowane gida ke niƙa, ya yi shiru.

Ina da fulanja uku sababbi a cikin gwangwanin madara, jiƙe da mai, a kan kanta. Kowa a layin ya san kayan Indiya na shiga na Ingila, don ni na tabbatar kowa ya sani.

Direbansa Alhaji ya fara aikowa neman fulanja. Na ce ya gaya wa Alhaji ba na sayar da kaya ta hannun aike. Ranar ce na fara kiransa Alhaji a gaban mutane, ban ce Maigida ba. Aka kwana biyu. Ran na uku bayan la'asar na hango shi ya fito, ya gyara babbar rigarsa, ya ƙetaro titi. Wurin cike yake da mata da ƙore, ga masu albasa a inuwa, ga Baba a kan benci ya kawo mini jarida. Alhaji ya yi sallama, na amsa, ban kashe injin ba. Dole ya matso ya ɗaga murya a cikin ƙara da ƙurar gari, yana maimaita abin da yake so, ni kuma ina cewa ban ji ba. Ya tsufa fiye da yadda nake hangensa daga nesa. Gari ya sauka a kan hularsa.

Sannan na kai hannu na kashe. Wurin ya yi tsit.

Na ce, "Alhaji, zan ba ka. Amma ka hwaɗa ma mutanen ga abin da yac ci hannuna."

Na ɗaga hannun yadda kowa zai gani. Na ɗauka zai juya ya tafi, ko ya zage ni, kuma na shirya wa duka biyun. Ya dubi matan, ya dubi Baba, ya dube ni.

Ya ce, "Bel na. Ka hwaɗa mani sau ukku ban sake shi ba. Kuma ni nac ce kada ka kashe injin."

Haka kawai ya faɗe ta, kamar mai ba da labarin ruwan jiya. Shekaru ina jiran wannan magana, ina zaton in ta fito ƙasa za ta girgiza, sai ga ta ta fito ba ta fi tari ba. Raina ya ƙara ɓaci. Na ga abin ya zo masa da sauƙi, ya biya da kalmomi goma sha, zai ɗauki ƙarfensa ya koma ya ci gaba da niƙa, ni kuma in koma gida da hannuna yadda yake.

Na ce, "Sun ƙare."

Gwangwanin yana nan a kan kanta, tsakanina da shi, a buɗe. Ya dube shi ya daɗe. Ya ce to, madalla, ya juya ya ƙetare titi a hankali. Na ɗauki handul na tayar da injin.

Baba ya naɗe jaridarsa ya tashi. Da zai wuce ya ce mini na sa dattijo ya tuɓe hula a kasuwa sannan na saɓa alkawari, kuma shi bai ga bambancina da wanda nake ƙi ba. Ya daina kirana jin labarai. Da na koma gida na ba matata labari tiryan-tiryan, ina jiran ta yi murna. Ta saurara har na gama, sannan ta tambaye ni ko ya faɗa wa mutane cewa zancen hira da mata ƙarya ne. Ban tambaye shi wannan ba, ban ma tuna ba. Ta ce ba komai, ta ci gaba da tankaɗe.

Makon sallar nan na yi niƙa har injin ya yi zafin da ba a taɓa shi, layi ya kai masallaci, wasu matan suka koma gida da hatsinsu don ban iya gamawa ba. Gidan niƙan Alhaji bai sake buɗewa ba. Bayan watanni ya sayar da kangon da abin da ke ciki ya koma Sakkwato wurin babban ɗansa, ma'aikacin gwamnati. Na sa ɗan uwan matata ya sayi babban injin a matsayin mataccen ƙarfe, don na san ba za a sayar mini ba. Aka jawo shi tsallaken titi a kan itace. Na sa masa fulanjar Indiya da sabon bel, kafin la'asar ya tashi. Na cire farantin tagullar da ke jikinsa mai sunan Ingila na ba maƙeri, ya yi wa jakin kawuna ƙararrawa da shi. Makanikensa ya zo neman aiki, na ɗauke shi na tura shi Tozai, inda ba zan riƙa ganinsa ba.

Mutane sukan tambaye ni ko na yi nadama. Na yi nadamar abin da na manta na matata, na kuma ji zafin rasa zaman Baba. Ƙin ba da fulanjar kuwa, na sha neman nadamarsa a raina, musamman da na tsufa, ban same ta ba. Da labarin rasuwar Alhaji ya zo bayan shekaru, na yi masa addu'a kamar yadda ake yi wa kowane Musulmi. Matata ce ta je gaisuwa.

Ba a daɗe da buɗe iyaka ba naira ta fara faɗuwa. Masu canji a bakin tasha, waɗanda a da suke roƙon a karɓi sefa, suka koma ɓoye ta. Albashin malamin ya zama ba ya kai komai in ya aika gida, shi da sauran Indiyawan suka fara haɗa kaya. Na raka shi tasha da safe, na tarar Baba ya riga ni zuwa. Muka gaisa sama-sama, muka tsaya gefe ɗaya muna kallon ana ɗaure akwatuna a saman mota. Malamin ya ba ni adireshin wansa a rubuce da manyan baƙaƙe, ya ce in samu mai rubuta mini da Turanci, kaya za su ci gaba da zuwa. Sannan ya ja ni gefe ya ce wansa ya rubuto cewa mutanen Sin sun fara fitar da wani ƙaramin inji, mutum biyu na ɗaukarsa, ba ya shan mai sosai, kuma duk unguwarsu a tsorace take da shi. Ya ce in koyi gyaransa tun kafin wani ya riga ni.

Larabar da ta biyo na hau babur na ƙetara Ƙonni ta kan titi, na nuna takardata a shinge kamar kowa. Na yi ta tambaya har aka kai ni shagon wani ɗan kasuwa da ya kawo injin Sin ɗin guda biyu. Ja ne, gajere, wili ɗaya, da rubutun da ban san kansa daga gindinsa ba. Na ce ina so in buɗe in ga cikinsa. Ya ce sai in na saya. Na ce ba zan sayi abin da ban ga cikinsa ba. Na samu buhu na zauna kusa da injin, ya yi cinikinsa ina zaune, ya tafi sallar azahar ya dawo ina zaune. Can ya gaji ya ce in buɗe murfin gefe kawai, kuma in mayar da kowace ƙusa inda na same ta. Na ciro sifana daga aljihu, babu wadda ta dace da kan ƙusoshinsu, sai da na je layin makanikai na aro.